Ɗawisu Sarkin Ado: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ire-irensa, Halayensa da Farin Ɗawisu

Yawancinmu sau ɗaya ko sau biyu muka taɓa ganin ɗawisu ido da ido, a gidan zu ko a farfajiyar gidan wani mai hali, kuma abin da muka riƙe shi ne adon. Amma idan ka cire adon, abin da ya rage ɗan'uwan kaza ne mai ƙarfin ƙafa, mai tono, mai ci kamar gara, mai kukan da ke hana unguwa barci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar tsuntsun da masu niyyar sayensa suka fi yi.

Daga ina ɗawisu ya fito, kuma me ya sa ake ce masa tsuntsun Makka?

Sunan dai daga Larabci muka aro shi, wato ɗawus. Kalmar ta daɗe a bakin Larabawa har ta zama laƙabin mutane. Ɗawus ɗan Kaisan, babban tabi'in nan na Yaman wanda ya yi karatu wajen Abdullahi ɗan Abbas, da wannan suna duniya ta san shi.

Shi kuwa "tsuntsun Makka", ɗabi'ar Bahaushe ce ta jingina baƙon abu mai kyau da gabas. Ɗawisu ba tsuntsun Hijaz ba ne. Wanda muka sani, mai shuɗin wuya, gidansa na asali Indiya ne da Siri Lanka da Pakistan da Nefal. Daga can fatake da sarakuna suka yi ta ɗaukarsa zuwa Farisa, Girka da Rum tun kafin haihuwar Annabi Isa. A Indiya an ayyana shi tsuntsun ƙasa a 1963, kuma dokar kare namun daji ta 1972 ta hana kashe shi. A ƙauyukan Rajasthan da Gujarat yana yawo a gona da kan katanga yadda zabi ke yi a namu ƙauyukan, ba mai ko ɗaga kai ya kalle shi.

Ɗawisu iri nawa ne a duniya?

Uku ne kacal. Duk sauran launukan da za ka gani a hoto, da fari da dabbare-dabbare, daga cikin ukun nan suka fito.

Na farko shi ne na Indiya, wanda masana ke kira Pavo cristatus. Wuyansa da ƙirjinsa shuɗi ne mai walƙiya, tukkun kansa a baje yake kamar ɗan mafici, kuma yana da farar fata sama da ƙasan ido. Kusan duk ɗawisun da ake kiwo a Najeriya da Nijar wannan ne.

Na biyu shi ne kore, Pavo muticus, na kudu maso gabashin Asiya: Myanmar, Tailan, Kambodiya, Laos, Biyetnam, lardin Yunnan na Sin da tsibirin Jaba na Indunusiya. Ya fi na Indiya tsayin ƙafa da tsayin wuya, gashin wuyansa kore ne mai ruwan zinare, jere kamar ɓawon kifi, tukkunsa kuma a tsaye yake a dunƙule. Fatar fuskarsa shuɗi da rawaya ce. Wani abin da ya bambanta shi, macensa ma tana da kyau ƙwarai, kusan kamarsu ɗaya da namijin in ban da dogon gashin baya. Faɗa gare shi, ba ya son wargi, kuma shi ne ke cikin haɗarin ƙarewa. Tun 2009 hukumar IUCN, mai sa ido kan halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana, saboda sare daji da farauta da satar ƙwai. A 2020 wata kotu a birnin Kunming ta ba da umarnin dakatar da ginin madatsar ruwa ta samar da lantarki a kogin Jiasa domin ruwan zai shanye ɗaya daga cikin sauran wuraren da tsuntsun ke zaune a Sin. Ka ji inda ɗawisu ya tsayar da aikin lantarki.

Na uku shi ne na Kwango, kuma labarinsa ya isa a ba shi tambayarsa daban.

Da gaske akwai ɗawisu ɗan asalin Afirka?

Akwai, sai dai in an nuna maka shi ba lalle ka yarda ɗawisu ne ba. Afropavo congensis yana zaune a ƙurmin tsakiyar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, har da gandun dajin Salonga, kuma ba ya ko'ina a duniya sai can. Tsawonsa bai wuce santimita 70 ba. Ba shi da dogon gashin baya mai idanu. Namijin baƙi-baƙi ne mai sheƙin shuɗi da kore, da jar fata a maƙogwaro, da wani farin tukku tsaye kamar tsinken tsintsiya. Macen jaja-jaja ce mai koren baya. Ba kamar 'yan'uwansa na Asiya ba, shi mace ɗaya yake riƙewa.

Mutanen dajin sun san abinsu tun kaka da kakanni, suna farautarsa, suna ado da gashinsa. Masana na waje ne suka makara. A 1913 wani Ba'amurke masanin tsuntsaye, James Chapin, ya ga wani gashi a hular wani mutum a yankin Ituri, ya karɓa ya adana, ya rasa na wane tsuntsu ne. Sama da shekara 20 gashin na hannunsa. Sai da ya je gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam ya ci karo da wasu busassun tsuntsaye biyu da aka ajiye a gefe, an maƙala musu takarda cewa 'ya'yan ɗawisun Indiya ne. Ya duba fukafukinsu, ya ga irin gashin da ke wurinsa ne. A 1936 ya bayyana tsuntsun a matsayin sabon jinsi. Har yau kaɗan ne suka taɓa ganinsa a daji, don ɓuya gare shi.

Wannan dogon abin da yake bazawa, wutsiyarsa ce?

A'a, ko da yake kowa wutsiya yake ce masa. Gashi ne da ke tsirowa daga ƙarshen gadon bayansa, ya rufe wutsiyar ta gaskiya. In ya baza, zagaya ta bayansa ka duba: za ka ga wasu gajerun gashi masu tauri, ruwan ƙasa, sun tokare na gaban kamar yadda ake tokare dangar kara. Su ne wutsiyar.

Dogon gashin yakan kai guda 200, mafi yawansu da ido a ƙarshe, kuma tsawonsa kan kai mita ɗaya da rabi. In aka haɗa da jiki, babban namiji yakan wuce mita 2 daga baki zuwa ƙarshen gashi, alhali nauyinsa kilo 4 zuwa 6 ne. Ba ya cika sai tsuntsun ya shekara uku. Kuma duk shekara, da zarar lokacin barbara ya wuce, sai ya zubar da shi gaba ɗaya cikin 'yan makonni, ya koma kamar wani babban zakara mara bindi, sannan sabo ya fara tsirowa. Sababbin masu kiwo kan firgita su ɗauka cuta ce. Lafiyarsa lau.

Yaya ake gane mace da namiji?

A manyan na Indiya ba wahala. Macen ruwan ƙasa ce, cikinta fari-fari, da ɗan kore a wuya, ba ta da dogon gashi, nauyinta bai cika wuce kilo 4 ba. Tukku kam tana da shi. Wannan rashin adon shi ne rigar kariyarta, domin a ƙasa take kwanci, cikin ciyawa, inda dila da damisa ke sintiri.

A 'yan tsaki ne ake shan wuya. Sai sun yi wasu watanni kafin shuɗin wuyan namiji ya fara bayyana. Kada ka dogara da bazawa, don mata da ƙananan tsaki ma sukan ɗaga 'yar wutsiyarsu su baza in sun ga abin da bai yi musu ba.

Ina yake samun wannan launi mai walƙiya?

Nan ne abin mamakin yake: babu shuɗin rini ko koren rini a gashin ɗawisu. Sinadarin launin da ke cikinsa melanin ne, wanda shi ne ke sa fatarmu da gashinmu baƙi. Da za ka daka gashin ya zama gari, abin da za ka samu ƙura ce mai duhu.

Abin da ke faruwa shi ne, a cikin kowane silin gashin akwai ƙananan sandunan melanin da aka jera sahu-sahu da tazara daidai wa daida, ƙanƙantar da ido ba ya gani sai da na'ura mai ƙarfi. In haske ya faɗa kansu, jerin yakan mayar da launi ɗaya zuwa idonka ya danne sauran. Inda tazarar ta ɗan ragu sai ka ga shuɗi, inda ta ƙaru sai kore ko ruwan zinare. Irin abin da kake gani ne in man fetur ya zuba a kan ruwan kwata, ko a jikin kumfar sabulu, ko bayan faifan CD. Shi ya sa launin ke sauyawa in ka juya gashin a hannu, kuma shi ya sa ba ya koɗewa kamar atamfa. Masanin kimiyya Robert Hooke na Ingila ya lura da haka tun 1665 da ya sa gashin a madubin ƙara girma, Isaac Newton ma ya yi magana a kai, amma sai a 2003 wasu masana a Jami'ar Fudan ta Shanghai suka fayyace yadda jerin sandunan yake.

Riƙe wannan bayanin, don shi ne mabuɗin fahimtar farin ɗawisu.

Farin ɗawisu wani jinsi ne daban? Ko zabiya ne?

Ko ɗaya. Ɗawisun Indiya ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mai shuɗin wuya, sai dai ya gaji wani sauyi a ƙwayoyin halittarsa da ke hana melanin isa cikin gashi. Tun da babu sandunan melanin da za su tace haske, sai gashin ya mayar da hasken duka, ya fito fari fat.

Bambancinsa da zabiya a ido yake. Zabiyar tsuntsu jikinta ba ya iya haɗa melanin ko kaɗan, don haka idonta ja ne ko jaja-jaja, ganinta kuma da rauni, rana na damunta. Farin ɗawisu kuwa jikinsa na haɗa melanin, gashi ne kawai bai samu ba. Idonsa shuɗi-shuɗi ne ko ruwan toka, yana gani garau, lafiyarsa da ƙarfinsa da haihuwarsa duk daidai suke da na sauran. Zabiyar ɗawisu ta gaskiya abu ce mai wuyar samu ƙwarai.

In ka matsa kusa da farin namiji ya baza, za ka ga siffar idanun nan tana nan a ƙarshen kowane gashi, fari a kan fari, kamar zanen da ke cikin farar shadda wanda sai haske ya doke shi ake gani. Ni a ganina da hantsi ko da la'asar sakaliya ya fi kyau, lokacin da rana ke ratsa gashin ta baya. Da tsakar rana kashe ido kawai yake yi. Kuma in ƙasar gidanka ja ce, ko ana damina da taɓo, ka shirya ganin "farin" ɗawisu mai jan gindi, domin gashin a ƙasa yake jansa.

'Yan tsakinsa ba fari suke fitowa daga ƙwai ba. Rawaya-rawaya ne kamar tsakin kazar gidan gona, da fararen fukafukai, sai suna girma su washe.

Idan ina son in samu fari, wane da wane zan haɗa?

Lissafin gadonsa mai sauƙi ne, kuma ya kamata duk mai saye ya san shi kafin ya zaro kuɗi. Kowane tsuntsu na gadon ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Sai ya haɗa farar ƙwaya biyu yake zama fari.

Fari da fara, duk 'ya'yansu farare ne. Fari da shuɗiya tsantsa, ba ko ɗaya da zai fito fari. Duk za su yi kama da shuɗin, amma suna ɗauke da farin a ɓoye, kuma sau da yawa sukan tona asirin kansu da 'yan fararen gashi a bakin fiffike ko a maƙogwaro. In ka haɗa irin waɗannan masu ɗauke da farin su biyu, a ƙiyasi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito fari. In ka haɗa mai ɗauke da shi da fari sosai, rabi da rabi ne. Wannan ƙiyasi ne na ƙwai masu yawa. A kwanci ɗaya na ƙwai biyar kana iya samun fari uku, kana iya tashi a tutar babu.

Saboda haka in mai sayarwa ya nuna maka shuɗin tsako ya ce "ai ubansa fari ne, shi ma zai rikiɗe", kada ka biya kuɗin fari. Tsakon da ya fito ruwan ƙasa ba zai taɓa komawa fari ba. Matsala ta biyu ita ce jinsi. A fararen, mace da namiji launinsu ɗaya, babu shuɗin wuyan da zai raba gardama, don haka mutum kan sayi "mata da miji" ya yi shekara biyu yana ba su dawa kafin ya gane maza biyu ya kwaso. Ko ka sayi manya waɗanda gashin namijin ya fito, ko ka saya a hannun wanda ka san inda za ka same shi gobe.

To da gaske ne farin yana da wuyar samu?

A daji, ƙwarai. Sai iyaye biyu masu ɗauke da ƙwayar sun haɗu, sannan farin tsakon ya tsira daga shaho da dila da kyanwar daji alhali ana hangensa daga nesa. Farar mace mai kwanci a ƙasa kuwa ta zama fitila a duhu.

A hannun masu kiwo labarin ya sha bamban. An shafe ɗaruruwan shekaru ana haɗa fari da fara a Turai, kuma tun da duk 'ya'yansu farare ne, yawaita su ba wuya. Lambun fadar Isola Bella da ke tafkin Maggiore a Italiya ya yi suna da fararen da ke yawo a cikinsa. Tsadarsa a kasuwanninmu ta ƙarancin masu kiwonsa ce da kuma son da ake masa, ba wai don wani abin al'ajabi ne da ke fitowa sau ɗaya a ƙarni ba, kamar yadda ake rubutawa a ƙarƙashin hotunansa a Facebook.

Waɗanda ake gani rabi fari rabi shuɗi fa? Da ja da ruwan hoda?

Mai dabbare-dabbaren fari da shuɗi gaskiya ne, wani sauyin gado ne makusancin na farin. Akwai kuma mai baƙar kafaɗa, wanda fukafukan namijinsa baƙi ne mai sheƙi maimakon zane-zanen ruwan ƙasa, macensa kuma fara-fara ce mai ɗigo. A ƙarni na 19 har an ba shi sunan jinsi na kansa, masanin halittu Charles Darwin ya ce a'a, na Indiya ne ya sauya launi, kuma gaskiyarsa ce. Akwai kuma ruwa-biyu tsakanin kore da na Indiya, wanda masu kiwo ke kira Spalding.

Jajayen nan kamar jini da masu ruwan hoda da ke yawo a waya kuwa, aikin kwamfuta ne.

Me ya sa yake bazawa? Matan suna kallo kuwa?

Neman aure ne. A lokacin barbara kowane namiji kan kama ɗan filinsa, sau da yawa kusa da na wasu mazan, ya tsaya yana jira. Mace ta zo wucewa, sai ya ɗaga gashin, ya juya mata baya yana karkaɗa fukafukai, sannan ya juyo farat ɗaya ya girgiza gashin duka da wani sauti kamar iska a cikin busasshiyar karan dawa. Roslyn Dakin, wata masaniya a Kanada, da abokan aikinta sun auna girgizar a 2016, suka ga takan kai kusan sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma yayin da sauran gashin ke rawa, idanun kusan a tsaye suke cak.

Wannan ado ya taɓa hana Darwin sakat. A wata wasiƙa ta 1860 ya ce ganin gashin ɗawisu na sa shi jin ciwo, domin ra'ayinsa shi ne halitta na riƙe abin da ke taimaka mata ta tsira, ga kuma tsuntsu na jan kaya mai nauyi da ba ya ci ba ya sha. Amsar da ya kawo daga baya ita ce zaɓin mata ne ya gina adon.

An gwada maganar. Wata masaniya, Marion Petrie, ta yi aiki da ɗawisun gandun Whipsnade a Ingila a farkon shekarun 1990, ta ga mazan da suka fi yawan idanu sun fi samun mata, da ta yanke wa wasu idanu kuma kasuwarsu ta faɗi. Amma Mariko Takahashi da ta shafe shekara bakwai tana bin wani garke a Japan ta fito a 2008 ta ce ita ba ta ga matan na fifita mai yawan idanu ba. Sannan a 2013 Jessica Yorzinski ta ɗaura wa matan wata 'yar na'ura mai bin inda ido ya kalla, sai ga shi yawancin lokaci ba ma kallon namijin suke yi ba, in sun kalla kuma ƙasan gashin suke dubawa daga gefe zuwa gefe, ba saman da ke burge mu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga namiji na ta kakkarwa, gimbiyar kuwa na tsince-tsincenta a ƙasa kamar ba da ita ake ba, ba zai yi mamaki ba.

Yana iya tashi da wannan kaya?

Yana tashi, ba dai nisa ba. Kullum da magariba yakan hau doguwar bishiya ya kwana, in an kore shi kuma ya fi son gudu da ƙafa cikin sarƙaƙiya. Wani gwaji da Graham Askew ya yi a Jami'ar Leeds a 2014 ya nuna gashin bai rage masa ƙarfin tashi yadda ake zato ba. Katangar gidanka ba komai ba ce a wurinsa.

Me yake ci? Da gaske yana kashe maciji?

Ba ya zaɓe. Hatsi, 'ya'yan itace, ɗanyen ganye, fure, gara, fara, ƙadangare, kunama, ɓera ƙarami, duk nasa ne. Manoman Indiya na kuka da shi kan gyaɗa da tumatir da barkono da shinkafa.

Maciji kuwa, yana kashe ƙanana ya cinye, kuma Indiyawa sun daɗe suna yabonsa a kan haka. Amma ba shi da wani maganin dafi a jiki, saurin ƙafa ne da sara. In babban maciji ne yakan tsaya nesa yana ƙara. Kada ka saye shi a matsayin mai gadin kububuwa.

Me ya sa kukansa ba daɗi haka?

Allah bai haɗa masa biyu ba. Kukan kamar na kyanwar da aka taka ne, an ƙara masa lasifika, kuma ana jinsa daga nesa ƙwarai. A lokacin barbara yakan yi shi da asuba, da magariba, har da tsakar dare, in ɗaya ya fara sauran su amsa. A dajin Indiya kukan na da amfani, don yana tona asirin damisa, barewa da birai duk suna saurare. A unguwa mai gidaje manne da juna kuwa, hanyar ɓata zumunci ce. A wasu garuruwan Kalifoniya, irin su Arcadia inda wani attajiri mai suna Lucky Baldwin ya kawo su a ƙarshen ƙarni na 19, sun yaɗu sun zama 'yan gari, har gundumar Los Angeles ta hana ba su abinci a 2021. Ban da kukan, namiji in ya ga inuwarsa a jikin mota mai sheƙi sai ya ɗauka kishiya ce, ya hau ta da sara da shuri har ya kankare fenti.

Ƙwai nawa take yi? Gaskiya ne da hawayen namiji take ɗaukar ciki?

Takan yi 4 zuwa 8 a ɗan ramin da ta tona a ɓoye, ta yi kwanci kwana 28 ko kusa da haka, kamar talo-talo. 'Yan tsakin na fitowa suke bin ta suna tsince. Namijin ba ruwansa da reno.

Maganar hawaye tsohuwar tatsuniya ce da ta ƙi mutuwa. A 2017 ma wani alƙalin babbar kotun Rajasthan ya maimaita ta a gaban 'yan jarida, aka yi ta yi masa dariya. Ɗawisu barbara yake yi kamar zakara.

Zan iya kiwonsa a gida?

In kana da fili da bishiya da maƙwabta masu haƙuri. Zafinmu ba ya damun na Indiya, ƙasarsa ma zafi gare ta, inuwa da ruwan sha mai tsabta kawai yake buƙata. In ka kawo sabo, kulle shi a babban keji mai rufi wata biyu ko fiye kafin ka sake shi, in ba haka ba daren farko zai haura ya shiga duniya. Kejin ya zama mai faɗin da zai baza ya juya ba tare da gashin ya karye ba, da sandar kwana mai tsayin da gashin ba zai taɓa ƙasa ba. Namiji ɗaya ya ishi mata uku zuwa biyar. Maza biyu a keji ɗaya faɗa ne.

Manyan na da ƙarfin jiki, sukan shekara 20 a hannun mai kula. 'Yan tsakin ne masu laushi. Sanyi da jiƙa na kashe su, kuma suna son abinci mai gina jiki fiye da na tsakin kaza, irin wanda ake ba 'yan talo-talo. Babban abin da ke cin su shi ne haɗa su da kaji a ƙasa ɗaya. Akwai wata cutar hanta da hanji da kaji ke ɗauke da ita ba ta cika kayar da su ba, tana bin ƙwan tsutsar ciki ta zauna a ƙasa, amma ɗawisu da talo-talo in ta kama su sai ka ga sun yi sukuku, suna zawo rawaya, su mutu. Ba su maganin tsutsa a kan kari, ka yi musu rigakafin da ake yi wa kaji, kuma ka nemi likitan dabbobi tun tsuntsun na tsaye da ƙafarsa. Macen da aka tsare a keji wani lokaci ba ta kwanci, sai a sa wa kaza ko talo-talo ƙwan, ko a kai injin ƙyanƙyasa.

Ana cin namansa? Ya halatta?

Ana ci. Attajiran Rum sun ci, sarakunan Turai ma sun riƙa gasa shi su mayar masa da fatarsa da gashinsa a kawo shi gaban baƙi, har zuwan talo-talo daga Amurka a ƙarni na 16 ya ture shi daga faranti, don ya fi shi taushi da yawan tsoka.

A fiƙihu, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta halatta cin tsuntsaye gaba ɗaya, ɗawisu na ciki. Hanafiyya da Hanbaliyya ma sun halatta shi, ra'ayin da ya fi ƙarfi a Shafi'iyya ne ya hana. Sai dai da wuya ka sami wanda zai sa wa tsuntsu mai wannan tsada wuƙa alhali zabo na nan.

Labarin cewa shi ya taimaki Iblis shiga Aljanna fa, har aka la'anci ƙafafunsa?

Labarin na yawo a littattafan ƙissoshi, cewa ɗawisu ne ya kai Iblis wurin maciji, maciji ya shigar da shi. Babu shi a Alƙur'ani, kuma malaman hadisi na lissafa shi cikin Isra'iliyat. Farisawa ma na da tasu maganar, wai yana cikin taƙama in ya kalli ƙafafunsa sai kunya ta kama shi ya yi ƙara. Ƙafafun dai na tono ne da gudu, masu kaushi, da ƙaya a baya irin ta zakara wadda maza ke faɗa da ita, kuma duk dangin kaji haka nasu suke.

Gashinsa da ake sa wa a cikin littafi, yana haihuwa?

Muna yara mun sa shi a tsakiyar littafi, mun barbaɗa masa garin alli wai abincinsa ne, muna buɗewa kullum mu ga ko ya haihu. Yaran Indiya da Pakistan ma suna yin irin wannan. Abin da ke faruwa shi ne silin gashin kan rabu ko ya karye saboda buɗewa da rufewa, sai ka ga ɗan guntu a gefe ka ce ga jariri. Gashin da ya bar jikin tsuntsu mataccen abu ne kamar farcen da aka yanke. In kana son wani, jira lokacin zubar gashi. Namiji ɗaya zai zubar maka da fiye da 100 a tsakar gida, ba tare da ka fige shi ba.